Daga Ina Ƙwayoyin Kosmik Suke Zuwa? Hujjar da Ke Kan Taurarin da Suka Fashe

Kusan kowace shekara sai wani saƙo ya sake zagayowa a WhatsApp, daga Bauchi har Gombe: wai yau da dare, tsakanin sha biyu da rabi da ƙarfe uku da rabi, "hasken kosmik" zai gifta kusa da duniya, kowa ya kashe wayarsa ya nisanta ta da jikinsa. Akan jingina maganar ga hukumar NASA. Ƙarya ce tsagwaronta, waya ba ta jawo komai daga sama. Amma kosmik ɗin kansa, wato ƙananan ƙwayoyi masu tsananin gudu da ke shigowa duniya daga sararin samaniya, gaskiya ne, kuma ba shi da wani dare na musamman. In ka shimfiɗa tafin hannunka yanzu, kusan kowane sakan sai ƙwaya ɗaya daga cikin ɓaraguzansa ta ratsa shi ta wuce cikin ƙasa. Haka yake tun kafin a haifi kakanninmu. Tambayar da ta shafe fiye da shekara ɗari tana wahalar da masana ita ce: me ke harbo su?

Duk wanda ya yi kimiyya a sakandare ya san 'yar na'urar nan ta gwada caji, kwalba mai sandar ƙarfe da siririn ganyen zinare a ciki. Da hunturu, lokacin da iskar Bauchi ke bushewa har bargo ya riƙa tartsatsi in ka ja shi da dare, gwajin yakan yi kyau ƙwarai. Ka goga biro a gashin kanka, ka shafa wa kan sandar, ganyen ya buɗe ya tsaya cak. Ka tafi ka dawo, sai ka tarar ya sauko a hankali har ya kwanta. A ɗakin gwajin makaranta, ƙura da danshi ne ke kwashe yawancin cajin. To amma masanan Turai na wajen 1900 sun rufe tasu ruf, sun tsabtace komai, ganyen bai fasa saukowa ba. Wani abu yana shiga yana tsinke ilektoron daga atom ɗin iskar da ke ciki.

Da farko an ɗora laifin a kan duwatsu da ƙasa, domin an riga an san akwai ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya. In haka ne, duk wanda ya yi nisa da ƙasa ya kamata ya ga abin ya ragu. Theodor Wulf ya hau hasumiyar Eiffel a Faris a 1910, ya ga raguwar ba ta kai yadda lissafi ya ce ba. Sai Victor Hess, ɗan ƙasar Ostiriya, ya ɗauki na'urorinsa ya shiga kwandon balan-balan. Ranar 7 ga Agusta 1912 ya kai tsayin mita 5,300, inda numfashi ma ke wuya, ya tarar abin ya ninka na ƙasa sau da dama. Ya tashi da dare, ya kuma tashi ranar husufin rana a Afrilun wannan shekarar, bai ga bambanci ba, don haka ya cire rana daga zargi. Wannan aikin ne ya ba shi kyautar Nobel a 1936.

An daɗe ana ɗauka wani irin haske ne. Jacob Clay ne ya fara karya wannan zato a 1927, da ya auna a cikin jirgin ruwa tsakanin Jaba da Turai ya ga abin yana raguwa kusa da layin da ya raba duniya biyu, wato ikweta. Maganaɗisu ba ya lanƙwasa haske, amma yana lanƙwasa ƙwaya mai caji. Yau mun san kusan kashi 90 cikin 100 furoton ne, wato cibiyar atom ɗin haidirojin, kusan kashi 9 cibiyar hiliyom, ragowar kuma cibiyoyin abubuwa masu nauyi har zuwa ƙarfe, da ɗan ilektoron. Mu nan muna kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, wanda ya ratsa Najeriya, saboda haka garkuwarmu ta fi ta mutanen Kanada ko Rasha kauri: furoton da bai haura GeV 10 ba ba ya ko isowa saman iskarmu. Ilektoron-bolt ma'aunin kuzarin ƙananan ƙwayoyi ne. GeV ɗaya ilektoron-bolt biliyan ɗaya ne, TeV dubun GeV, PeV kuma dubun TeV. Babbar na'urar CERN da ke Janeba, wadda ta fi kowace ƙarfi a duniya, tana kai furoton TeV 6.8.

Wadda ta samu shiga ba ta kawowa ƙasa da kanta. Tana cin karo da atom ɗin iska a can sama, ta farfashe zuwa ɗimbin ƙananan ƙwayoyi, kuma ƙwayar nan da ke ratsa tafin hannu, wadda ake kira miyuwon, daga cikinsu take. A cikin wannan karon ne ake samun kabon-14, wanda tsirrai ke shaƙa, masana kuma ke auna shekarun tsofaffin kaya da shi. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987, da wannan hanyar aka san ya kai shekara 8,000. Wato hatta tarihin ƙasarmu da taimakon waɗannan ƙwayoyi muke karanta shi.

Matsalar gano asalinsu tana cikin cajin nan nasu. Galaksinmu, wannan babban rukunin taurari da rana take ciki, cike yake da raunanan layukan maganaɗisu masu murɗe-murɗe. Ƙwayar da ta tashi daga wani wuri ba ta tafiya miƙe, tana kewaye layukan tana sauya hanya na miliyoyin shekaru, har ta iso mana ta gefen da ba shi da alaƙa da inda ta taso. Shi ya sa suke zuwa daidai wa daida ta kowace kusurwa. Na taɓa kai wannan gaɓar a aji, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to tunda hanyar ta ɓace, ya aka yi littafi ya ce daga fashewar taurari suke?" Na ce mata, "Malama, kin yi tambayar da ta fi amsar littafin." Littafin ya faɗi abin a layi ɗaya kamar an gama shari'a. Gaskiyar ita ce hujjojin hawa-hawa ne, wasu sun kafu, wasu har yau da sauran magana.

Walter Baade da Fritz Zwicky ne suka fara kawo shawarar a 1934, a Kalifoniya. Su ne suka ware wani nau'in fashewar tauraro suka kira shi sufanoba, suka ce daga nan kosmik ke fitowa. A lokacin hasashe ne kawai. Abin da ya ba shi ƙafa shi ne lissafin makamashi, wanda Vitaly Ginzburg da Sergei Syrovatskii na Tarayyar Sobiyet suka tsara a farkon shekarun 1960, kuma a ganina har yau shi ne ginshiƙin maganar.

Ga yadda yake. Mun san yawan kuzarin kosmik da ke cikin galaksi, kusan ilektoron-bolt ɗaya a kowane ɗan akwati mai santimita ɗaya ta kowane gefe, wanda ya yi daidai da kuzarin hasken taurari a wuri guda. Mun kuma san ƙwayoyin ba sa dawwama, suna zurarewa waje. Yadda aka san tsawon zamansu abin sha'awa ne. Litiyom da beriliyom da boron ba su da yawa a taurari, amma a cikin kosmik sun yi yawa fiye da kima, domin cibiyoyin kabon da oksijin suna farfashewa a hanya in suka yi karo da iskar gas da ke tsakanin taurari. Daga cikin gutsattsarin akwai beriliyom-10, wanda rabinsa ke ruɓewa cikin shekara miliyan 1.4. In aka ƙirga nawa ya rage, sai a san daɗewar tafiyar: kimanin shekara miliyan 15. Tunda rumbun yana yoyo kuma bai ƙare ba, lallai akwai mai zubawa, kuma sai ya zuba kusan wat 1 mai sifili 34 a bayansa, ba dare ba rana. Sufanoba ɗaya tana watsa tarkace da kuzarin da ya kai jul 1 mai sifili 44, kwatankwacin duk abin da rana za ta fitar a tsawon rayuwarta ta shekara biliyan 10. Ana samun biyu zuwa uku a kowane ƙarni a galaksinmu. In ka raba, za ka ga kashi 10 cikin 100 na wannan kuzari ya isa ya biya buƙatar. Sauran abubuwan da aka sani a galaksi ba su da wannan wadatar.

Sai dai samun kuɗin aiki daban, sanin yadda aka yi aikin daban. Ba lokacin fashewar ake harba ƙwayoyin ba. Da a lokacin ne, da sun rasa kuzarinsu yayin da tarkacen ke faɗaɗa yana hucewa. Aikin yana faruwa ne daga baya, a ragowar sufanoba, wannan ƙwaryar gas mai zafi da ke ci gaba da buɗewa na dubban shekaru. Gabanta akwai goshin fashewar, bango mai gudun dubban kilomita a sakan, yana ture gas ɗin da ya tarar yana matse shi ninki huɗu. Enrico Fermi ya kawo tushen tunanin a 1949, cewa ƙwaya za ta iya tara kuzari kaɗan-kaɗan ta hanyar karo da gajimaren maganaɗisu masu motsi, amma hanyarsa ta yi jinkiri da yawa. A 1977 da 1978, Krymsky a Sobiyet, Axford da abokan aikinsa, Bell a Ingila, da Blandford da Ostriker a Amurka, kowa a gefensa, suka gano cewa a bakin goshin fashewa lissafin yana sauyawa.

Ɗauki ɗan kasuwa mai sarin hatsi tsakanin Tudun Hatsi ta Gombe da Muda Lawal ta Bauchi. A ce duk zuwa da dawowa jarinsa yana ƙaruwa da kashi 1 cikin 100, kuma ba ya taɓa faɗuwa, riba a tafiya, riba a komowa. A ce kuma duk zagaye, mutum ɗaya cikin ɗari na masu wannan fatauci yana barin hanyar da abin da ya tara. Bayan zagaye 70 jari ya ninka biyu, amma rabin mutanen sun tafi. Bayan wani 70 ɗin jari ya ninka huɗu, saura kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda zai ninka jarinsa sau miliyan sai ya yi zagaye kusan 1,400, kuma mutum ɗaya ne cikin miliyan zai kai nan. Haka furoton yake a bakin goshin da ke gudun kilomita 3,000 a sakan. Murɗaɗɗen maganaɗisun da ke gaba ya maido shi baya, na baya ya maido shi gaba, kuma ta kowane gefe ya tsallaka, gas ɗin da zai tarar yana tahowa ne ya tare shi, don haka kullum ƙari yake samu. Kowane zagaye kuma akwai yiwuwar gas ɗin baya ya tafi da shi.

Kyawun wannan lissafi shi ne bai damu da irin tauraron ba. Muddin goshin yana da ƙarfi, sakamakon ɗaya ne: in kuzari ya ninka goma, yawan ƙwayoyin da suka haura shi ya ragu sau goma. Abin da muke aunawa a duniya ya fi haka gangara, raguwar ta kai sau hamsin, amma an san dalili. Masu kuzari sun fi saurin tserewa daga galaksi, kuma na'urar AMS-02 da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tun 2011 ta auna hakan ta hanyar raguwar boron a kan kabon yayin da kuzari ke ƙaruwa.

Saura gani da ido. Tunda ƙwayoyin ba sa nuna hanya, sai a nemi hasken da suke fitarwa a can wurin, domin shi haske miƙe yake zuwa. A nan ne wata tsohuwar tauraruwa ta shigo. A ƙarshen Afrilun 1006, shekara ta 396 bayan Hijira, wata sabuwar tauraruwa ta bayyana a kudancin sama, mafi haske da tarihi ya taɓa rubutawa. Ali ibn Ridwan, likita kuma masanin taurari a Masar, ya rubuta cewa girmanta ya kai ninki biyu da rabi zuwa uku na Zara, haskenta kuma ya ɗan fi rubu'in na wata. Mutanen Sin da Japan ma sun rubuta. A Turai da ƙyar ta leƙo saman duwatsu, amma duk wanda ke zaune a wannan ƙasa tamu a lokacin, shekara ɗari takwas kafin Yakubu ya kafa garin Bauchi, ya gan ta sosai a sama ta kudu. A 1995 Katsuji Koyama da abokansa suka duba ragowarta da tauraron ɗan'adam na Japan mai suna ASCA, suka tarar gefunanta biyu suna fitar da hasken eksire irin wanda ilektoron ke fitarwa in yana kewaya maganaɗisu da kuzarin da ya kusa TeV 100. Wannan ce shaida ta farko kai tsaye cewa goshin ragowa yana harba ƙwayoyi zuwa irin wannan mataki.

Amma ilektoron ne, alhali kosmik furoton ne. Furoton ya fi ilektoron nauyi kusan sau 1,800, ba ya haskawa ta wannan hanyar. A 2004 na'urorin hangen nesa na H.E.S.S. da ke tsaunukan Namibiya, nan nahiyarmu, suka ɗauki hoton wata ragowa mai suna RX J1713.7-3946 da hasken gama, wato hasken da ya fi eksire kuzari, na matakin TeV, ƙwaryar ta fito zagaye. Murna ba ta daɗe ba, domin ilektoron ma yana iya samar da gama in ya bangaji raunanan haske, kuma an shafe shekaru ana jayayya a kan wannan ragowar.

Abin da ya raba gardama ya zo a 2013. In furoton mai gudu ya yi karo da furoton ɗin gas, yakan haifi wata ƙwaya mai suna fayon, wadda nan take take rabewa zuwa gama biyu, kowanne da ilektoron-bolt miliyan 67.5 in an auna daga wurin fayon ɗin. Saboda haka hasken da ya fito ta wannan hanyar yana da alama tasa: yana faɗuwa da sauri a ƙasa da wani mataki na kuzari, abin da na ilektoron ba ya yi. Tauraron ɗan'adam na Fermi, wanda aka harba a 2008, ya tara bayanan shekara huɗu a kan ragowa biyu, IC 443 mai nisan tafiyar haske ta shekara 5,000 da W44 mai kusan 10,000, dukansu sun kutsa cikin gajimaren gas mai kauri. Alamar fayon ta fito a duka biyun. Daga ranar, cewa ragowar sufanoba tana harba furoton ya tashi daga hasashe.

Da a nan maganar ta ƙare da littafin ya yi daidai. Amma in aka zana yawan kosmik bisa kuzari, layin yana gangarowa santal har zuwa wajen PeV 3, inda yake karyewa ya ƙara gangara. Masana suna kiran wurin gwiwa, kuma Kulikov da Khristiansen ne suka gano ta a Mosko a 1958. Fahimtar da aka fi yarda da ita ita ce gwiwar iyakar injinan galaksinmu ce ga furoton. In ragowar sufanoba ce injin, dole ta iya kaiwa PeV. IC 443 da W44 tsofaffi ne, goshinsu ya yi sanyi, ba su ko kusa ba.

Tun 1983 Lagage da Cesarsky suka nuna cikas ɗin. Duk sa'ad da ƙwaya ta ƙara kuzari, sai ta ƙara nisa kafin maganaɗisu ya juyo da ita, zagayen ya ƙara tsawo, goshin kuwa ƙarni kaɗan yake yi da cikakken gudunsa. Da raunin maganaɗisun da ke tsakanin taurari, lokaci zai ƙare kafin a kai gwiwa, da tazara mai yawa. Bell ya kawo mafita a 2004: ƙwayoyin da ke tserewa gaba su da kansu suna hargitsa maganaɗisun su ƙara masa ƙarfi. Hotunan tauraron ɗan'adam na Chandra sun goyi bayansa, domin siraran zaren eksire da ke gefen matasan ragowa suna nuna maganaɗisu mai ƙarfin ninki goma har zuwa ɗari na wanda aka saba. Duk da haka, da aka auna Cassiopeia A, matashiyar ragowa mai shekara kusan 340 wadda kowa ya sa wa rai, sai na'urorin hangen nesa na MAGIC suka nuna a 2017 cewa gamarta tana dusashewa a 'yan TeV kaɗan. Ƙa'idar ita ce gama yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin goma na kuzarin furoton da ya haife shi, don haka mai neman injin PeV gama na TeV 100 yake nema. Cassiopeia A ta gaza da nisa.

Sannan a 2021 cibiyar LHAASO, da ke kan dutse mai tsayin mita 4,410 a lardin Sichuan na Sin, ta sanar da wurare 12 a galaksinmu masu fitar da gama sama da TeV 100, ɗaya har PeV 1.4. Injinan PeV suna nan ke nan. Abin da ya dagula lissafi shi ne yawancinsu suna kusa da falsa, wato gawar tauraro mai juyawa da sauri wadda aka san ilektoron take harbawa, mafi ƙarfin kuma ya fito ne daga yankin Cygnus, inda manyan matasan taurari suka taru suna hura iska mai gudun dubban kilomita a sakan. Sinadaran kosmik ma suna nuni can: niyon-22 da ke cikinsu, in an gwada shi da niyon-20, ya ninka na rana kusan sau biyar, kuma iskar irin waɗannan manyan taurari ce ke da wadatarsa. A gefe guda, tauraron ɗan'adam na ACE ya kama cibiyoyi 15 na ƙarfe-60, wanda sufanoba ke ƙerawa kuma rabinsa ke ruɓewa cikin shekara miliyan 2.6, alamar cewa an yi fashewa ba da nisa sosai ba, ba kuma da daɗewa ba. Biyun ba sa karo da juna, domin manyan taurari a gungu ake haifarsu, a gungu suke mutuwa, goshin wadda ta fashe yana bi ta cikin iskar da 'yan'uwanta suka hura.

Abin da na gamsu da shi ke nan. Mafi yawan kosmik da ke isowa duniya, na GeV zuwa TeV, ragowar sufanoba ce ke harba su. Makamashi ya isa, hanyar aikin ta fito a lissafi, an kuma ga alamar furoton. Wanda ya ce ita ce ke kaiwa gwiwa kuwa, ya faɗi abin da ba a tabbatar ba tukuna, kuma bai kamata mu koya wa yara shi a matsayin abin da aka gama ba. Na can sama da gwiwa nesa ma ba a sa su cikin wannan magana. Ƙwayar da aka kama a Utah ta Amurka ranar 15 ga Oktoba 1991 tana ɗauke da kusan jul 50, abin da zai ɗaga kilo biyar sama da ƙasa mita ɗaya, a cikin cibiyar atom guda. Maganaɗisun galaksinmu ba zai iya riƙe irinta ba, kuma cibiyar Pierre Auger da ke Ajantina ta nuna a 2017 cewa masu irin wannan ƙarfi daga wajen galaksi suke zuwa.

Masu kare ragowar sufanoba suna da amsa mai ma'ana. Suna cewa matakin PeV a shekarun farko kaɗan ake kai shi, lokacin da goshin ke kan ganiyarsa, wataƙila ma a wasu nau'o'in fashewa kawai, don haka ba mamaki in ba mu tarar da ko ɗaya tana cikin aikin ba. Rabon da a ga sufanoba da ido a galaksinmu tun ta 1604, wadda Kepler ya bi diddiginta. Ta 1987 a maƙwabcin galaksi ta faru, tafiyar haske ta shekara 168,000. In amsar tasu daidai ce, ƙwayoyin PeV da suka tsere tuntuni za su riƙa haska gajimaren gas da ke kusa da ragowar, kuma G106.3+2.7 tana cikin waɗanda ake zargi, sai dai ita ma akwai falsa a gefenta. Ana gina sabbin na'urorin CTAO a tsibirin La Palma da hamadar Atacama ta Chile domin su bambance ainihin inda gaman ke fitowa. Shaidar da ba ta da ja ita ce nutirino, wata ƙwaya marar caji mai tafiya miƙe kamar haske, domin karon furoton ne ke haifar da shi, ilektoron ba ya yi. A 2023 cibiyar IceCube da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Antatika ta sanar da ganin nutirino masu ƙarfi daga faifan galaksinmu, amma a dunƙule suka zo, ba a kai ga ware ko ragowa ɗaya a cikinsu ba.